Aji Babu Malami, Malami Babu Aiki

A shekarar 2024 Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Ƙasa, UBEC, ta bayyana cewa makarantun firamare na gwamnati a Najeriya suna buƙatar ƙwararrun malamai 694,078, alhali waɗanda ke bakin aiki 499,202 ne. Giɓin mutum 194,876 ke nan, kuma alƙaluman sun fito ne daga ƙidayar ma'aikata da hukumar ta gudanar a 2022. Ƙidayar da ta gabace ta, ta 2018, ta nuna giɓin 277,537 idan aka haɗa ajin share fage da firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ɗauka duk mai takardar malanta a ƙasar nan nemansa ake yi ruwa a jallo. Amma a ƙarshen 2017, da jihar Kaduna ta buɗe guraben malaman firamare 25,000, sama da mutum 40,000 ne suka nema. Haka abin yake a duk jihar da ta sanar da ɗaukar malamai: shagunan intanet su cika da masu cike fom, ranar jarrabawa kuwa filin ya kasa ɗaukar jama'a. Babu ƙarya a cikin waɗannan labarai biyu. Ajujuwa suna kukan rashin malami, masu takardar NCE da digirin ilimi suna zaune a gida ko suna jan adaidaita sahu. Abin da nake gani shi ne, mutanen da za su koyar ba su yi wa Najeriya kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne gurbin aiki mai albashi, kuma albashin da ake bayarwa bai kai ya jawo irin mutanen da ake so zuwa wuraren da ake buƙatarsu ba. Bambancin yana da muhimmanci, domin maganin da za a nema ya dogara ga sunan da aka ba ciwon.

Kasuwa tana da alamar da take nuna ƙarancin kaya, kuma kowa ya san ta. Idan masara ta yi wuya a kasuwar Dawanau, kafin la'asar farashin buhu ya tashi, 'yan kasuwa su bazama ƙauyuka neman ta, manomin da ya ɓoye tasa ya fito da ita. Da malami ya yi wuya irin wannan, da mun ga jihohi suna rige-rigen ƙara albashi, makarantun kuɗi suna zawarcin ɗaliban kwalejin ilimi tun kafin su gama. Akasin haka muke gani. Albashin malamin firamare a kan mafi ƙarancin albashi yake ginuwa, shi kuwa wannan darajarsa faɗuwa take yi. Naira 18,000 ta 2011 ta haura dala 110 a canjin lokacin. Naira 30,000 ta 2019 ta tsaya a kusan dala 83. Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta kai dala 50 ba. Ko wannan ɗin ma malaman firamare ne na ƙarshe da yake isa gare su. A birnin tarayya Abuja, inda babu wanda zai ce talauci ne ya hana, sai da suka rufe makarantu daga Maris zuwa Yulin 2025 kafin a saurare su a kan sabon albashin. A makarantun kuɗi na unguwa lamarin ya fi muni, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma galibin waɗannan makarantu ba su kai ba. Mai makaranta ya san idan malama ta ajiye aiki yau, gobe mutum biyar za su zo da takardunsu.

To me ya sa aji yake wayam? Domin mai sayen wannan aiki kusan ɗaya ne, gwamnati, kuma ta daɗe da rage saye. Yadda aka tsara biyan albashin shi ya haifar da haka. Malamin firamare ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashinsa, ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, ta biya. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin tallafa wa jihohi, amma kuɗin na gine-gine ne da kayan aiki da horaswa, ba a biyan albashin malaman jiha da shi. Sakamakon haka gwamna yana da hanyar samun tallafi idan zai gina ajujuwa, ba shi da ita idan zai ɗauki malami. Gini sau ɗaya ake biya, a yanka kyalle, jama'a su gani da idonsu. Malami kuwa alkawari ne na sama da shekara talatin, da ƙarin girma, da garatuti da fansho a bayansa. Duk wanda ke riƙe da baitulmali kuma yake lissafin shekara huɗu, ya san wanda zai zaɓa. Shi ya sa jihohi da dama suka shafe shekaru ba su yi ɗaukar malamai ta dindindin ba, alhali a kowane wata wasu suna ritaya, wasu suna rasuwa, wasu suna komawa wata ma'aikata. Ana share sunansu daga takardar albashi, ba a rubuta wani a madadinsu. A ɗaya ɓangaren kuma ana haifar jarirai sama da miliyan 7 a Najeriya duk shekara, kuma bayan shekara shida kowannensu yana da haƙƙin samun wurin zama a aji ɗaya.

Wannan tangarɗa ta daɗe. A 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa saboda albashin malamai ya gagara. A 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin kacokan, malamai suka yi ta shafe watanni babu albashi, har a 1993 aka sake dawo da hukumar. Wannan tarihi ne ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta karɓi hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, da ɗari-ɗari. Har yau ba a daddale wanda nauyin ƙara yawan malaman firamare ke wuyansa ba, ballantana a tambaye shi idan bai yi ba.

Yana da kyau a duba abin da alƙaluman suke nufi a cikin makaranta. A Yunin 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, ya ce jihar tana da makarantu sama da 400 da malami ɗaya ne rak a kowace. A irin wannan makaranta mutum ɗaya shi ne hedimasta, shi ne mai kiran rajista, shi ne mai buga ƙararrawa. Da safe zai rubuta wa 'yan aji biyar da shida aiki a allo, ya ɗora wani babban yaro ya riƙe su da tsumagiya, ya haɗa 'yan aji ɗaya da biyu a ƙarƙashin bishiya su yi ta maimaita baƙaƙe, 'yan aji uku da huɗu kuma su jira. Ba zai iya duba littafin kowa ba, saboda haka yaron da ya kwafi haruffa bai san me suke faɗa ba zai wuce aji na gaba a haka. Ranar da aka kira taro a ofishin sakataren ilimi, ko ranar tantance ma'aikata, ko ranar da matarsa ta haihu, makarantar ba ta buɗewa. Uban da ya ga haka sati biyu a jere zai ce wa ɗansa ya bi shi gona, kuma babu mai iya cewa bai yi tunani ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A cikin biranen Arewa ma, ajin da ya haura ɗari ba abin mamaki ba ne. Idan ana maganar yara miliyoyi da ba sa zuwa makaranta, a tuna cewa da yawansu an taɓa kai su, abin da iyayensu suka tarar ne ya mayar da su gida.

Hanyar da gwamnatoci suke bi su toshe wannan kafa ita kanta shaida ce cewa mutane suna nan. A 2006 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin ɗaukar masu NCE na wucin gadi, zubin farko mutum 40,000, a biya su alawus shekara biyu da fatan jihohi za su riƙe su. Da yawa ba a riƙe su ba. A 2016 aka zo da N-Power, inda aka tura dubban ɗaruruwan matasa, mafi yawansu makarantu, a kan naira 30,000 a wata, aka sallame su a 2020. Shirin BESDA na Bankin Duniya ya kawo nasa malaman sa-kai, kuma a Kano sai daga baya aka ba sama da 5,000 daga cikinsu takardar aiki ta dindindin. Ga 'yan bautar ƙasa da ake cusa wa alli ko sun karanta koyarwa ko ba su karanta ba, su tafi bayan shekara guda. Ga malaman da ƙungiyar iyaye ke biya daga karo-karo, waɗanda har a kwalejojin tarayya wasunsu sun tsufa a haka. Duk lokacin da aka buɗe irin wannan ƙofa cika take yi maƙil, a kan kuɗin da bai isa cefanen wata ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wannan hanya har ƙarshenta: tun ƙarshen shekarun 1990 suka koma ɗaukar malaman kwantaragi, har waɗannan suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. Yara sun ƙaru a makaranta, gaskiya ne, amma yajin aiki kan albashin da bai zo ba ya zama ruwan dare, kuma jarrabawar da aka yi wa 'yan kwantaragin a 2017 ta nuna mafi yawansu ba su kai matsakaicin maki ba.

Nan ne ƙalubale mafi ƙarfi yake, kuma bai kamata a kauce masa ba. Za a ce: waɗannan da ke cika layi takarda kawai suke da ita, ba malamai ba ne, saboda haka ƙarancin na gaske ne. Masu wannan magana suna da hujja. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa a kan darussan 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin 100 ba, aka sallame su duk da yajin aiki da zanga-zanga. Abin da ya biyo baya ya fi tayar da hankali. Daga cikin sababbin da aka ɗauka, a 2018 aka sake sallamar sama da 4,500 saboda an gano ba su cancanta ba, sannan a 2022 aka kori wasu malamai 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama wata sabuwar jarrabawa. Ana iya jayayya kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka yi makinta, kuma NUT ta yi jayayyar, amma babu mai gaskiya da zai ce kowane mai NCE zai iya koya wa yaro karatu. Na yarda da wannan gaba ɗaya. Inda na saɓa shi ne a ɗauki raunin a matsayin wani abu da ya faɗo daga sama. Ingancin masu shiga sana'a yana bin darajar sana'ar ne. Hukumar JAMB ta shafe shekaru tana tsayar da maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a shiga kwalejin ilimi da shi, jami'a kuwa 140, daga baya 150. Yaro mai ƙwazo da iyayensa sun fahimci saƙon. Kwalejin ilimi ta zama inda ake zuwa bayan an rasa jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da makarantar aikin jinya. Bayan haka kuma, idan an tashi ɗaukar aiki, sau da yawa rabon gurabe ake yi tsakanin kansiloli da 'yan majalisa da masu faɗa a ji, mai uwa a gindin murhu ya samu, wanda ya fi kowa maki ya koma gida. Wanda ya shigo ta wannan hanya, hedimasta ba ya iya tsawata masa.

Ba haka aka faro ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai aka kafa ta, kuma zaƙaƙuran ɗaliban larduna ake tsamowa a kai can. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello daga nan suka fito suka riƙe alli. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, kuma ƙungiyar malaman Arewa ya fara haɗawa kafin jam'iyya. Shehu Shagari ma malamin makaranta ne. Ba ina cewa a koma wancan zamani ba, domin makarantun 'yan ƙalilan ne, talaka bai samu shiga ba. Sauyin ya zo da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Yaran da suka fito sun zarce lissafin gwamnati nesa ba kusa ba, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ta ɗaga darajar waɗanda aka ɗauka babu horo. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaida. A takarda ci gaba ne. A aikace, tsohon malami mai daraja ta biyu an horar da shi ne ya riƙe aji guda ya koyar da komai, shi kuwa mai NCE shekaru da dama darussa biyu yake haɗawa irin na sakandare, sai a tura shi aji biyu ya koya wa yaro haɗa baƙi da wasali, abin da ba a taɓa nuna masa yadda ake yi ba. Kwalejojin ilimi sun haura 150 a yau, suna yaye ɗalibai duk shekara ba tare da wani ya zauna ya lissafa malamai nawa jiha take buƙata, a wane darasi, a wace ƙaramar hukuma ba.

Duk da haka akwai wuraren da ƙarancin na haƙiƙa ne, ko da an buɗe gurbi ba a samun mai cikewa. Na farko darussan lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci a sakandare. Wanda ya iya waɗannan da gaske yana da wasu ƙofofi, banki ko kamfanin sadarwa ko aikin kwamfuta, kuma tsarin albashi bai bambanta shi da wanda darasinsa ya yi yawa a kasuwa ba. Na biyu ƙauye. Malamin da aka tura garin da babu gidan haya, babu asibiti, hanya kuma ta yanke da damina, zai kashe rabin albashinsa a kuɗin babur, ko ya kashe ƙarfinsa wajen neman a dawo da shi cikin gari. Na uku malamai mata a karkara, inda iyaye da yawa ba sa barin 'ya mace ta ci gaba idan duk malaman maza ne. Matar aure ba za ta bar gidanta a birni ta koma ƙauyen da ba ta san kowa ba. Tun 2008 aka gwada ɗaukar nauyin 'yan matan ƙauye su yi NCE su koma garuruwansu a Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato, dabara mai kyau, amma ita ma a kan ɗaukar aiki ta riƙa yin tuntuɓe bayan sun gama. Na huɗu kuma mafi ɗaci shi ne tsaro. UNICEF ta ce daga 2009 zuwa 2017 an kashe malamai sama da 2,295 a Arewa maso Gabas, kusan 19,000 suka bar gidajensu. A Arewa maso Yamma da Neja, da 'yan bindiga suka shiga Kagara da Birnin Yawuri a 2021 da Kuriga a 2024, har da malamai suka kora daji. Babu wanda zai zargi mutumin da ya ƙi karɓar takardar tura shi irin wannan wuri a kan albashin da ake ba na cikin gari. Uku na farko kuɗi da tsari suna magance su. Na huɗu ya fi ƙarfin ma'aikatar ilimi, amma ko shi, ɗan garin da yake zaune a can da iyalinsa ya fi baƙo yiwuwar tsayawa.

Wasu kuma suna ɗora laifin a kan masu ficewa ƙasashen waje, musamman tun daga Fabrairun 2023 da Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya a fannin lissafi da kimiyya da harsuna hanyar neman shaidar koyarwa a can. Rashin kowane ƙwararren malamin fiziks asara ce, amma yawan masu tafiyar bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da giɓin kusan 200,000, kuma ba daga makarantun ƙauyen Jigawa ko Zamfara suke tashi ba. Ficewar da take cinye mu ta cikin gida ce: malami ya samu kwastan ko shige da fice, ko ya koma sakatariya, ko ya bar sunansa a takardar albashi jikinsa yana kasuwa. Abin lura a labarin Ingila wani abu ne daban. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 sun samu rabin adadin masu neman horon koyarwa a sakandare da suke buƙata, a fiziks ko kashi ɗaya cikin biyar ba su samu ba. Gurabe suna nan, kuɗi yana nan, mutane ne babu. Saboda haka suka sa tallafin sama da fam 25,000 ga mai son koyar da fiziks ko lissafi, suka kuma leƙa ƙasashen waje. Haka ƙarancin kasuwa yake idan na gaske ne. Rahoton UNESCO na 2024, wanda ya ce duniya tana buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, shi ma ya bambanta iri biyun: a ƙasashe masu arziki maye gurbin masu barin aiki ne babbar matsala, a yankinmu kuwa mafi yawan buƙatar sababbin gurabe ce da ba a ƙirƙira ba tukuna.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce gwamnoni suke kawowa. Lissafin ba shi da wuya. Malamai 194,876 a kan naira 70,000 ya kama kusan naira biliyan 13.6 a wata. A ninka shi biyu saboda matakin albashi da fansho da alawus, ya zama biliyan 27. A cikin 2024, bayan cire tallafin man fetur, abin da gwamnatocin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suke rabawa a Abuja ya haura naira tiriliyan 1 a kowane wata. Ban raina nauyin ba, domin giɓin ya fi yawa a jihohin da kuɗin shigarsu na cikin gida ya fi ƙanƙanta, kuma akwai ƙananan hukumomin da albashin malamai kaɗai yake lashe mafi yawan kasonsu. Amma wannan hujja ce ta a sake tsarin rabon nauyin, a bar wani kaso na tallafin tarayya ya shiga albashin sababbin malamai a wuraren da suka fi buƙata. Ba ta isa hujjar barin aji babu kowa ba. Akwai kuma kuɗin da ke zurarewa a cikin takardar albashin kanta, ta hanyar ma'aikatan bogi da waɗanda aka ɗauka da sunan malanta suka ƙare a ofis. Masu cewa a fara gyara rabon malaman da ake da su suna da gaskiya a nan, domin akwai makarantun cikin gari da malamai suke zaune a ɗakin hutu suna jiran darasi ɗaya a rana, kilomita ashirin daga makarantar da mutum ɗaya ke riƙe da aji shida. Sai dai ko an raba su daidai wa daida, 499,202 ba za su zama 694,078 ba. Kuma tura mutum ƙauye da ƙarfin takarda, ba gida ba alawus, an sha gwadawa, wata uku ya dawo.

Abin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne a ɗaure gurbi da makaranta: a sanar cewa makarantar gari kaza tana neman malami biyu, a fifita ɗan yankin da ya ci jarrabawa a fili, a liƙa sakamakon kowa ya gani, a kuma sa sharaɗin shekarun da zai yi kafin ya nemi canji. A biya alawus na karkara da na kimiyya da gaske. An riga an yi alkawarinsu: a ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai da waɗannan alawus. Daga cikin abubuwan da aka sanar a ranar, wanda ya zama doka shi ne ƙarin shekarun aiki, da aka sa wa hannu a 2022, inda ritayar malami ta koma shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki maimakon 60 da 35. Wannan ya riƙe ƙwararrun tsofaffi a aji, kuma da yawansu su ne ginshiƙan makarantunsu, amma bai ƙara ko mutum ɗaya ba, ya kuma ba jihohin da suka aiwatar da shi damar ƙara jinkirta ɗaukar matasa. Shekara biyar aka ƙara. Waɗanda suka fara cin moriyar dokar wa'adinsu yana cika ne daga 2026 zuwa 2027, kuma daga nan za a ci gaba da fita duk shekara kamar da. Horar da mai NCE shekara uku yake ɗauka, sannan yana buƙatar wasu shekarun kusa da gogaggen malami kafin hannunsa ya faɗa. Kowace hukumar SUBEB tana da ranar haihuwa da ranar fara aikin duk malamin da take biya, saboda haka tana iya faɗa tun yau mutum nawa za su tafi a kowace makaranta cikin shekara uku masu zuwa. Wannan lissafin ya kamata majalisun jihohi su nema a ajiye musu a gaba kafin su amince da kasafin ilimi na baɗi, tare da adadin guraben da aka ware domin maye su.